Yadda ƙungiyoyin gari ke rainon shugabanni: Abin da ya kamata ku sani a Mafara, Bakura da Maradun

Daga 1999 zuwa 2023, shekara 24 ke nan, Jihar Zamfara ta yi shekara 20 a hannun gwamnonin da suka fito daga ƙananan hukumomi uku masu maƙwabtaka da juna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi takwas, Bello Matawalle na Maradun ya yi huɗu. Babu mai cewa wannan yanki bai iya fitar da manyan mutane ba.

Sai dai gwamna ɗaya ne a jiha. Shi kuwa gari kullum yana neman wanda zai riƙe kuɗin gyaran famfo har makaniki ya zo, da wanda zai kashe rigimar iyakar gona tun ba ta kai gaban alƙali ba, da wanda zai tsaya gaban jami'in hukuma ya faɗi damuwar unguwa ba zagi ba rawar murya. Ɗaruruwan irin waɗannan ake buƙata, kuma aji kaɗai ba ya samar da su. A ƙungiyoyin gari ake rainon su: a danƙa wa matashi amana ta gaske, a sa masa ido, a tambaye shi ba'asi, in wa'adinsa ya cika ya miƙa wa wani.

Wane ne matashi, kuma me ake koya masa?

Manufar matasa ta ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta sabunta a 2019, ta ɗauki matashi a matsayin mai shekara 15 zuwa 29. Yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka ta 2006 ta kai iyakar zuwa 35. Sanin wannan iyaka yana da amfani, domin a garuruwa da yawa wanda ya haura hamsin ne ke kan kujerar shugaban matasa, su kuwa matasan aikinsu bai wuce jera kujeru ranar taro ba. Inda ake haka babu wanda ke koyon komai.

Abubuwan da ake so matashi ya iya ba su da yawa, amma kowanne sai an yi shi da hannu kafin ya zauna:

- Riƙon amana, ta kuɗi ce ko ta kaya ko ta sirrin mutane.
- Sauraron wanda ba ku shiri, da yin shawara kafin yanke magana.
- Magana a gaban jama'a, da rubuta takardar da jami'i zai karanta ya gane abin da ake nema.
- Tsara aiki: wa zai yi me, da wane kuɗi, zuwa wace rana.
- Shiga tsakanin masu rigima ba tare da an zarge shi da son kai ba.
- Sauka daga kujera cikin mutunci, da goya wa magajinsa baya.

Na ƙarshen nan shi ya fi wuya, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Baƙon abu ne a ƙasar Hausa?

Ko kaɗan. Kafin a san wani abu wai shi bita ko takardar shaida, ƙauye yana da hanyarsa ta gwada samari. Idan aka kira gayya, sarkin samari ne ke sanar da 'yan'uwansa, ya tsayar da rana, ya raba kunyoyi a gona, ya ci tarar wanda ya noƙe. Yana da 'yan majalisarsa masu sarautu irin na fada, su galadima da waziri da alƙali, 'yan mata ma suna da tasu shugabar. Bayan kaka, a wasan kalankuwa, samari kan kwaikwayi sarauta da shari'a a bainar jama'a. Dattawa na gefe suna kallo, kuma tun daga nan suke gane mai haƙuri, da mai hannun kyauta, da wanda girman kai zai kayar.

Makarantar allo ma tana da nata matakan. Yaro ya fara a kolo, ya zama titibiri, ya kai gardi. Shi gardi ana ba shi ƙananan yara ya biya musu karatu, ya duba allunansu, ya tsare makaranta in malam ya yi tafiya. Kafin ya zama alaramma ya riga ya san nauyin mutane.

Tarihin yankin ya nuna haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana ɗan shekara 20 ya fara wa'azi a Degel wajen 1774, daga baya ya yi kusan shekara biyar yana karantarwa a ƙasar Zamfara, kuma Faru ta ƙasar Maradun na cikin garuruwan da ya zauna. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, shekararsa 23 lokacin hijira zuwa Gudu a 1804. An ba shi jagorancin runduna da rubuta wasiƙun jama'a, kuma a 1809 shi ya kafa birnin Sakkwato. Ilimi ya samu tun yana yaro, amma aikin da aka yi ta ɗora masa shi ya gasa shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada mayar da wannan al'ada tsarin ƙasa. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin samari da ake kira Samariya a kowace unguwa da ƙauye. Samari suka gina azuzuwa, suka dasa itatuwa, suka share garuruwa. Amma da yake linzamin yana hannun gwamnati, da siyasar jam'iyyu da yawa ta shigo a farkon shekarun 1990, sai tsarin ya dusashe. Darasin a fili yake: ƙungiyar da ta jingina da mai mulki tana tafiya ne ranar da ya tafi.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa yanzu?

Shekarar 2021 kaɗai ta isa amsa. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. A daidai wannan lokaci aka rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan ya bar matashi zaune. A lokacin, gonar da ke nesa da gari ba ta nomuwa, makaranta a rufe, kasuwa ba ta ci. Alhali masu neman matasa ba su huta ba: ɗan siyasar da ke son 'yan banga, mai ramin zinare, dillalin ƙwaya, da 'yan bindigar daji masu neman infoma a cikin gari. Abin da suke bayarwa ya wuce kuɗi. Suna ba yaro aiki da suna da jin cewa ana lissafi da shi, kuma duk mai shekara 17 yana ƙishin waɗannan. Idan unguwa ba ta ba shi su ta hanyar kirki ba, akwai mai jiran ya ba shi ta wata hanyar. Shi ya sa ƙungiyar matasa mai rai take cikin abubuwan da ke tsare gari, ko da ba ta riƙe da ko sanda.

A ina matashi zai koya a yau?

Wuri na farko shi ne wanda ya ɗaure ƙananan hukumomin uku da igiya ɗaya, wato Bakolori. An kammala madatsar ruwan a kan gulbin Sakkwato a 1978, kuma filayen noman raninta sun ratsa Maradun da Talata Mafara da Bakura. A ƙarƙashin shirin inganta noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an gyara magudanai, an kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Aikinsu shi ne tsara ranar da kowane ɓangare zai sha ruwa, yashe magudanai, karɓar kuɗin ruwa, da sasanta mai gona a bakin magudana da wanda tasa ke can ƙarshe, inda ruwa kan isa a makare. Matashin da ya yi rani biyu yana rubuta wa irin wannan ƙungiya lissafi ya koyi adalci a aikace, domin ya ga yadda shinkafar wani ke bushewa idan aka yi son kai a rabo.

Dattawan yankin ba su manta da Afrilun 1980 ba, lokacin da aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Maganar ƙasa da ruwa a nan magana ce mai nauyi. Ya kamata 'ya'yan manoma su tashi sun iya adana takardu, da rubuta koke, da zama teburin sasantawa, ita kuma hukuma ta saba sauraron su tun abu bai yi zafi ba.

Wuri na biyu shi ne rundunonin 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin na Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanul Islam, da kuma Red Cross da Sikawut. A nan ake koyon zuwa kan lokaci, da bin umarni, da tsara sahun jama'a ranar Idi ko wurin tafsiri, da taimakon farko ga wanda ya ji rauni. Akwai muƙamai hawa-hawa, kuma ba a tsallake.

Na uku shi ne makarantu. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a 2018, Bakura tana da kwalejin aikin gona. Ƙungiyoyin ɗalibai, da na ɗaliban gari guda, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, duk suna yin zaɓe, suna tara kuɗi, suna shirya taro. Ɗalibin da ya shirya wa ƙannensa darasin hutu kyauta a firamaren unguwarsu ya yi aikin shugabanci cikakke: ya nemi izinin hedimasta, ya lallashi iyaye, ya raba darussa ga abokansa.

Kada a raina ƙungiyar ƙwallon ƙafa, da ta 'yan kabu-kabu, da ta teloli, da ta masu gyaran waya. Kyaftin da ke haɗa kuɗin riga, ya hana faɗa bayan an ci su, yana kan hanya. Ga mai son horo na musamman kuma, akwai cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanci ta gwamnatin tarayya, uwar ƙungiyar Man O' War, wadda aka kafa a 1951, kuma tana da sansani a Kwatarkwashi cikin jihar nan.

Yaya ake gane shiri na ƙwarai?

A ce samari 30 a wata unguwa sun yi shawarar yashe kwalbati da kwatocinsu kafin damina. Kowa yana zuba naira 200 a mako. A mako 12 sun tara naira 72,000, abin da zai taimaka wajen sayen shebur da hayar baro da ruwan sha. Aikin ƙarami ne, amma a cikinsa akwai duk abin da ake nema.

Da farko, su suka zaɓi aikin da kansu, don haka ba sai an bi su da roƙo ba. Sannan an raba muƙamai: shugaba daban, sakatare daban, ma'aji daban, ga mai binciken kuɗi wanda ba abokin ma'aji ba. Akwai littafi, kuma a kowane zama ana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa na ji. Kuɗi ba sa fita sai mutum biyu sun sa hannu. An je an gaida mai unguwa an shaida masa, an rubuta wa ƙaramar hukuma takarda ana neman motar kwashe shara, an ajiye kwafi. Bayan an gama an zauna an faɗi abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci, ba tare da cin fuska ba.

Sai abu biyu da ke raba ƙungiya mai ɗorewa da ta shekara ɗaya. Na farko wa'adi: shekara ɗaya ko biyu, a rubuce, kuma a cika shi. Na biyu, kowane mai muƙami ya kasance da mataimaki wanda ke ƙasa da shi da shekara uku ko huɗu, yana koya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ɗan shekara 15 ma a ba shi rajistar masu halarta ya riƙe.

Yana da kyau kuma ƙungiya ta duba waɗanda ba sa cikinta. Idan duk 'ya'yan masu hali ne, ko duk 'yan boko ne babu almajiri, ko duk manoma ne babu ɗan makiyayi, to ta rage wa kanta ƙarfi. A yankin da zargi ya shiga tsakanin Hausawa da Fulani, saurayin gari da na ruga da suka taɓa riƙe asusu ɗaya suna da hanyar yi wa juna magana ranar da jita-jita ta tashi.

'Yan mata fa?

Wannan ma yana da tushe. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa mace mai hankali da ilimi a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma jaji ta jagoranci mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Mata ne ke jagorantar mata, cikin mutunci, da yardar mazaje da iyaye.

A yau ma hanyoyin suna nan. Ɗalibar Islamiyya da ake ba aji ta riƙe, da yarinyar da ke rubuta wa uwar adashi lissafi, da matasan matan da ke shiga gida-gida aikin rigakafi, duk suna ɗauke da amana. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, ta daɗe tana aiki da mata kan ilimi da lafiya.

Tsoron da iyaye ke ji bayan abin da ya faru a Jangebe tsoro ne na gaskiya, kuma duk mai shirya wani abu don 'yan mata dole ya girmama shi. A yi zama da rana, a cikin gari, a wurin da iyaye suka sani, ƙarƙashin malamar da aka yarda da ita. Idan an cika waɗannan, a ba su aikin gaske: riƙon asusu, jagorancin zama, rubuta rahoto. Unguwar da ke son ta samu ungozoma mai ilimi da shugabar makaranta 'yar gari nan da shekara 15, yau za ta fara ba yarinya dama ta yi magana a saurare ta.

Me ke kashe ƙungiyoyin matasa?

Na ɗaya, siyasar jam'iyya. Ba laifi ba ne matashi ya shiga jam'iyya, haƙƙinsa ne. Matsalar ita ce a mayar da ƙungiyar unguwa reshen ɗan takara. Da zarar an karɓi babura da buhunan shinkafa da sunan ƙungiya, bakin kowa ya mutu, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Idan ɗan siyasa zai taimaka, ya taimaka wa aikin a fili, a rubuta a littafi, a karanta a zama.

Na biyu, sabo da kuɗin zama. Bita tana da amfani idan akwai aikin da za a koma a yi da abin da aka koya. Amma idan aka saba wa matasa cewa ba a zuwa taro sai da kuɗin mota, ranar da mai ba da tallafi ya tattara kayansa ƙungiya ta watse.

Na uku, kuɗin da ba a rubuta ba. Yawancin ƙungiyoyi zargi ne ke rusa su tun kafin a tabbatar da sata. Littafi yana kare ma'aji mai gaskiya kamar yadda yake kama marar gaskiya.

Na huɗu, ɗaukar doka a hannu. Zamfara ta ɗanɗana ɗacin ramuwar gayya, ta ga yadda kisa ba shari'a ke jawo wani kisan. Tsaro yana da waɗanda aka ɗora wa: sojoji, 'yan sanda, da Askarawan Zamfara da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a Janairun 2024. Abin da ya hau kan ƙungiyar matasa shi ne ta kai rahoto ta hannun mai unguwa da hakimi, ta kashe jita-jita a WhatsApp da Facebook, ta kula da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa garinta.

Mene ne aikin manya?

Masarautun uku, ta Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun, suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni har cikin lungu. Idan mai unguwa ya riƙa kiran wakilan matasa biyu, ya ba su dama su yi magana a zaman unguwa, ya yi rabin aikin. Kwamitocin kula da makarantu da na asibitocin mazaɓu su ma suna buƙatar sabon jini. Limami na iya ba matasa kula da asusun gyaran masallaci a ƙarƙashin idonsa.

Uban ƙungiya aikinsa shawara da tsawatarwa. Kada ya riƙe kuɗi, kada ya zaɓa musu shugaba. Idan sun yi kuskure ƙarami, a bar su su gyara da kansu, domin gara yaro ya yi ɓatan lissafi a kan naira dubu biyar yana da shekara 18, a zaunar da shi a nuna masa, da ya fara koyon lissafi ranar da aka danƙa masa kasafin ƙaramar hukuma. Iyaye kuma su tambayi 'ya'yansu wace ƙungiya suke, wa ke jagorantarta, me suka yi a wannan watan.

Doka ma ta buɗe ƙofa. Ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. A cikin kujeru 24 na majalisar dokokin Zamfara, biyar na wannan yanki ne: biyu Talata Mafara, biyu Maradun, ɗaya Bakura. Doka ta ba ɗan shekara 25 damar nema, amma ba za ta koya masa riƙon amana ba. Jama'a ne za su tambaye shi abin da ya taɓa riƙewa, da yadda ya bar shi.

Daga ina za a fara?

Ba sai an jira tallafi daga Gusau ko Abuja ba. A zama na gaba na ƙungiyar unguwarku, ku yi tambaya uku. Nawa ne a asusu, kuma wa ya gani a rubuce? Yaushe wa'adin shugaba zai cika? Wane yaro ko yarinya da ba su kai shekara 20 ba aka ba aiki a bana? Idan an amsa duka ukun ba tare da ɓacin rai ba, ku riƙe wannan ƙungiya da kyau, ku kai ƙannenku. Idan an kasa, ku sayi littafi, ku tsayar da ranar zaɓe, ku ɗauki aiki ɗaya da za ku iya gamawa kafin ruwan farko ya sauka.